Ranar da Na Soke Aikin Babanki

Ummi, kwanakin baya kin dawo daga gidan Gwaggo Rabi, kina cire takalmi a bakin ƙofa, kika tambaye ni da Sango, yaren garin nan, wai da gaske ne ni na kashe aikin babanki. Na ce ki wanke hannu ki ci abinci. Na san wannan ba amsa ba ce. Amsar ce zan rubuta miki yanzu, kuma da Hausa zan rubuta ta ko da yake Sango ya fi zama a bakinki, don ina so ranar da za ki karanta, ki karanta sannu sannu, kamar mai tsallaka kwata a kan katako. Abin da aka gaya miki gaskiya ne, ni na soke shi. Sai dai ba a gaya miki ko wane aiki ne ba, ba a kuma gaya miki abin da ke tsaye a bayansa yana jira ba.

Ni da babanki wuri ɗaya muke aiki, wata ƙaramar cibiyar bincike can cikin gari. A bayan ginin akwai wani ɗaki marar taga, mai sanyi kamar cikin randa, inda aka jera kwamfutoci aka haɗa su da wayoyi suna aiki tamkar abu ɗaya. Masu Faransanci suna kiransu kilasta, mu kuwa garke muke cewa, kuma ni ce mai kiwonsu. Duk mai lissafi babba, wanda kwamfutar teburinsa ba za ta iya ɗauka ba, sai ya turo shi garke. Aikin ya shiga layi, manhajar da ke rabo ta duba wa ya riga wa, wane ne ya fi gaggawa, injuna nawa ne ba su da kowa, sannan ta ba shi wuri. Saboda haka aiki iri biyu ne a gabana kullum, mai jira da mai gudana. Soke mai jira ba wani abu ba ne, kamar ki ce wa mace a layin famfo ta koma gida ne, bokitinta dama babu komai a ciki. Mai gudana kuwa tukunya ce a kan wuta. In kika sauke ta tun ba ta nuna ba, abin da ke ciki sai zubarwa. Ina son ɗakin nan ƙwarai. Nakan tsaya a cikinsa ina jin gurnanin fankoki, ina kallon ƙananan fitilu suna ƙyafta ido, in ga kamar wani gari ne da kowa ke aiki ba mai faɗa da wani.

Aikin babanki ruwa ne. A unguwar Kokoro aka haife shi, a gidan da muke zaune a lokacin tare da kakarki Hajiya, kuma tun yana yaro yake kwashe ruwa da kwano daga ɗakin uwarsa duk damina. Da ya yi karatu sai ya sa a ransa zai gano inda ruwa zai bi in an yi ruwan da ya wuce na kullum. Ya yi rani guda yana yawo lungu lungu da ma'auni, yana leƙa kwatoci, 'yan taksi-moto, masu haya da babur, suna masa tsiya wai ya yar da kuɗi ne a ciki. Sannan ya yanka unguwa gunduwa gunduwa, kowace gunduwa ta zama aiki ɗaya a garke. In aiki ya kammala sai taswira ta fito, gidajen da ruwa zai ci an shafa musu shuɗi, sai ya kai wa masu gidajen. Hajiya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, sai dai ta ce "wannan" ko "mai ma'auni". Abu ɗaya ta roƙe shi: ya gaya mata ko ɗakinta na baya, wanda bangonsa ke jingine da kwata, zai ƙara ɗaukar wata damina, ko ta tattara ta koma na gaba.

Ranar da ya tura ayyukan na buɗe layi na ga abin da ya yi. Gunduwar da gidanmu ke ciki ya ba ta daraja mafi ƙanƙanta, tana can ƙarshe, bayan ta kowa. Na same shi yana shan shayi da makara, irin fanken garin nan, a inuwar ofis.

"Malam, lungunmu ka sa a wutsiya."

"Na sani."

"Hajiya fa tana jira."

"Safiya, kin taɓa ganin mai rabon naman layya ya fara da gidansu? Gobe a ce ɗan Hajiya ya samu injin gwamnati ya fara auna ɗakin uwarsa."

"Ba na gwamnati ba ne, kuma ba wanda ke leƙa layin nan sai ni."

"To, ke nake jin kunya," ya ce, ya miƙo mini rabin makarar.

Akwai abu na biyu da na yi masa magana a kai. Aiki mai tsawo, ana koya masa ya riƙa ajiye inda ya kai lokaci lokaci, don in an katse shi ya ci gaba daga nan. Babanki bai sa wannan a nasa ba. Ya ce baturan cibiya sababbi ne, ga janareta, ga matarsa ce mai kiwo, wa zai taɓa masa aiki? Ya ce zai sa gobe. Na yi dariya na bar shi, don goben babanki ta saba zuwa, sai dai a makare.

A farkon damina ya rasu. An yi yayyafi, Titin Koudoukou ya yi santsi, moton da ya hau ya zame a gaban babbar mota. Ba zan tsawaita a nan ba. Aka yi masa salla, aka kai shi, kina goye a bayan Gwaggo Rabi kina wasa da ɗankwalinta. Wani bawan Allah ya kawo wayarsa gida, gilashin ya tsage amma tana aiki, Hajiya ta karɓa ta sa a ƙarƙashin matashinta. Ana cikin zaman makoki wayar ta yi ƙara, 'yar gajeruwar ƙara kamar an buga cokali a kofi. Gwaggo Rabi ta karanta saƙon ta juyo ta dube ni. Garke ne ke sanar da shi cewa ɗaya daga cikin ayyukansa ya kammala. Injuna ba su san ya mutu ba. Sun gama wanda ke hannunsu, sun ɗauki na gaba.

Na yi wa Hajiya bayani iyakar iyawata. Sai ta ce:

"Wato yana nan yana aiki."

"Abin da ya bari ne ke tafiya, Hajiya."

"Ai shi na ce."

Daga ranar ta ɗauki wayar nan kamar jinjiri. Ita da ba ta damu da cajin tata ba, sai ga ta tana aika tasa shagon caji da sassafe in babu wuta. Duk sanda ta yi ƙara sai ta ce alhamdu lillahi, ta kira ni in gaya mata lungun wa aka gama. Ni ina takaba, ba na fita, amma shugabarmu Madam Solanj ta bar ni ina kiwon garke daga gida da ƙaramar kwamfutata, kuma ta ƙi rufe asusun babanki. Ina fitar da taswirorin, Gwaggo Rabi tana kai wa masu su. Mutane suka riƙa shigowa godiya, wani ya ɗaga dakalinsa, wani ya kwashe buhunan shinkafarsa ya kai sama. Hajiya takan ce musu sadaka ce mai gudana. Ni ma, gaskiya, da ƙarar nan nake rayuwa. Sunansa yana nan a layi, a rubuce kusa da kalmar da ke nufin "yana gudana", nakan buɗe in zuba masa ido kawai, kamar yadda ake kallon hayaƙi a kan rufin gidan da aka san mai shi.

Damina ta yi tsaka kafin layi ya zo kan gunduwarmu. Ita ce mafi girma, don kwatoci da yawa a nan suke haɗuwa, ta kama kusan dukan garken. Na gaya wa Hajiya an ɗora tamu. Ta sa aka yi waina aka raba. Makonni suka shige aikin yana tafiya, ya wuce rabi, ban san daidai saura nawa ba.

Sai wata hantsi Madam Solanj ta yi sallama a ƙofarmu. Mace ce doguwa, Kirista, mai magana a hankali, ta yafa gyale saboda gidan makoki. Ta gaida Hajiya da Sango, ta ɗauke ki ta yi miki wasa, sannan ta ce tana son ganina mu biyu. Muka zauna a ɗakina a kan tabarma. Ta ce amai da gudawa ya ɓarke a unguwannin bakin kogi, yara ne suka fi kwanciya. Ma'aikatan lafiya sun ɗebo ruwan rijiyoyi da samfurin marasa lafiya, suna so a yi lissafin da zai nuna daga waɗanne rijiyoyi cutar ke fitowa, don a san waɗanda za a fara rufewa. Aikinsu yana layi tun jiya. Ni ma na riga na gan shi, na kuma ga dalilin da manhaja ta rubuta a gefensa: babu wuri.

"Safi, ita ti mbi," ta ce, wato 'yar'uwata, "in na jira na mijinki ya gama, kwana nawa?"

"Ban sani ba, Madam. Zai iya kai mako biyu, zai iya fi."

"A dakatar da shi, in an gama a sake shi?"

"In na dakatar da shi zai daina motsi ne kawai, ba zai tashi daga wurin ba. Kamar mai barci ne da ya cika tabarma. Nasu ba zai samu inda zai zauna ba."

"Yana ajiye inda ya kai?"

Na girgiza kai. Ta dubi ƙasa.

"Ina iya sa wani ya yi daga ofis, hannunki bai taɓa ba. Na zo ne don kar ki buɗe ki tarar babu shi."

Na ce ta ba ni zuwa azahar. Na ce kuma kar ta sa kowa. A wurinmu dangi ke yi wa mamaci wanka, ba a barin baƙo.

Da ta tafi na sami Hajiya a ɗakin baya tana tsinke ganyen rogo, wayar tana kan cinyarta. Na durƙusa na gaya mata komai, ban rage ba. Hannunta bai daina tsinka ba sai da na kai ƙarshe.

"Na kowa ya gama, sai nawa za a sauke."

"Yara ne, Hajiya."

"Na ji yara ne. Ni ma yaro na rasa." Ta ajiye ganyen. "Su jira kaɗan mana. Shi bai jira ba? Ya sa kansa a bayan kowa, har ya mutu bai ga nasa ba. Yanzu ma da ya mutu sai an ce ya matsa?"

"Cutar ba ta jira."

"Ke matarsa ce ko matar ofis?"

Ta ɗauki wayar ta riƙe da hannu biyu, ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Ban yarda ba. In za ki yi, ki yi, amma ki san ban yarda ba."

Na yi sallar azahar, na zauna a kan sallayar na buɗe kwamfuta. Ke kina barci a gefena, gumi ya jiƙa miki wuya. Na fara da ƙananan ayyukansa da ke jira a baya, waɗanda za su haɗa taswirar in babban ya gama. Waɗannan ba su yi mini wuya ba, bokitai ne da babu komai. Sai ya rage shi kaɗai. Na rubuta umurnin, na rubuta lambar aikin, na duba ta sau da yawa, ina fata ko na yi kuskure. Ki san yadda manhajar ke yi, Ummi, don tana da ladabi irin nata. Ba ta fizge aiki nan take. Takan fara aika masa sanarwa cewa ya tattara kayansa, ta ba shi ɗan lokaci, in bai fita da kansa ba sannan ta yanke shi. Aikin da aka koya wa jin sanarwar nan yakan ajiye abin da ya samu ya yi sallama. Na babanki ba a koya masa ba. Na danna, sanarwa ta tafi, shi kuwa ya ci gaba da lissafinsa, yana tura ruwa lungu lungu a cikin unguwar da ba ta wanzu sai a cikin injin, bai san ana kiransa ba. A ɗan lokacin nan na ji kamar ina tsaye a bakin titi ina ganin bayansa. Sannan kalmar da ke kusa da sunansa ta canza. Aka rubuta an soke, aka rubuta sunan wanda ya soke, sunana. Kafin in sauke hannu aikin ma'aikatan lafiya ya hau.

Daga ɗakin baya na ji ƙarar cokali a kofi. Na ji Hajiya ta kira Gwaggo Rabi ta karanta mata. Daga nan ban ji komai ba.

Hajiya ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta daina cin abin da na dafa, sai in tarar da kwanon a rufe yadda na ajiye shi. In na gaishe ta takan amsa, amsar da ake ba mai wucewa. Ke kaɗai ce ke shiga tsakaninmu, ki ɗauko lomarta ki kawo mini, ki ɗauki tawa ki kai mata, takwararta ce ke, ba ta iya mayar da hannunki. Wayar ba ta ƙara yin ƙara ba, amma ba ta daina aika ta caji ba. Na so in sake ɗora aikin, sai dai garke yana hannun masu lafiya har ƙarshen damina, kuma da na buɗe kayan babanki na tarar akwai shirye-shiryen da shi kaɗai ya san kansu, sai na koya daga tushe. Na roƙi Hajiya ta koma ɗakin gaba ko don kariya.

"Da wace hujja?" ta ce. "Mai ma'auni bai ce ba."

Ruwan ya zo wata Alhamis bayan la'asar, a ƙarshen damina, lokacin da kowa ya ɗauka an gama. Hajiya tana madafi, Allah ya sa, ke kina wurina. Kwata ta cika ta tumbatsa, muka ji wani nishi mai nauyi, bangon ɗakin baya ya zauna. Babu wanda ya ji ciwo. Amma gadonta, da akwatunanta, da kayan da ta adana na kakanki, da ɗakin da ta haifi babanki a ciki, duk suka zama laka. Ta tsaya cikin ruwa har gwiwa tana kallo, wayar a ɗaure a bakin zanenta. A ranar ne dangi suka fara cewa da an bar aikin ya gama da an sani. Wannan ita ce maganar da ta iso kunnenki.

Ba zan ce miki ƙarya suke ba. Da rani, bayan na fita takaba na koma ofis, na zauna na koyi abin da ya bari. Na ƙara masa abin da ya ce zai sa gobe, na tura shi da sunana, kuma ban sa shi a wutsiya ba. Da ya kammala na buɗe taswirar ni kaɗai a ɗakin sanyi. Ga lungunmu, ga gidanmu, ga ɗakin baya an shafe shi da shuɗi mai duhu, daidai inda bangon ya faɗi. Lissafin babanki daidai ne. Da na bar shi, da ya gaya wa uwarsa ta tashi, kuma da ta tashi, don maganarsa take jira. Na kuma san an rufe rijiyoyi a bakin kogi a makon da na soke shi. Ban san yara nawa wannan ya tsare ba, ba wanda zai iya ƙirga wanda bai kwanta ba. Na sha ɗora abubuwan nan biyu a sikeli, har yau bai tsaya mini ba. Abin da na sani, in aka mayar da ni kan sallayar nan, zan sake dannawa, zan kuma sake yin kukan da na yi.

Na buga taswirar a takarda na kai wa Hajiya a gidan da muka kama haya kusa da Masallacin Koudoukou. Ta shimfiɗa ta a cinya, na nuna mata da yatsa. Ta daɗe tana kallon shuɗin.

"Ai ruwa ya riga ki gaya mini," ta ce.

"Na sani, Hajiya. Na kawo ne don ki ga bai yi kuskure ba."

Ta shafa takardar da tafin hannu, kamar mai gyara wa yaro riga.

"Yaran can na bakin kogi, sun tashi?"

"Wasu sun tashi. Wasu ba su tashi ba."

"Allah ya ba uwayensu haƙuri."

Ana kiran la'asar, ke kina tsakar gida kina bin kaza. Sai ta kwance bakin zanenta ta fito da wayar, mai tsagaggen gilashi, cajinta a cike. Ta miƙo mini.

"Karɓi wayar Bashir," ta ce. "Kashe ta. Ni na gwada, hannuna ya ƙi."

Tun da na shigo gidansu ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Na karɓa da hannu biyu, na danna maɓallin gefe na riƙe. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata, kamar yadda wayoyi ke yi. Na dubi Hajiya, ta gyaɗa kai. Da hasken ya ɗauke sai ta jawo kwanon tuwon da na ajiye mata tun rana, ta buɗe, ta ce in kira ki mu ci.